Jitar Yaya Sani da Ragon Sunanka

Gaya, ranar Laraba bayan azahar.

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kuma ba ka haƙurin karanta ta har ƙarshe kafin ka yanke mata hukunci. Allah ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin bakin mutane, har da bakin ubanka.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma ga ni ina rubuto maka wasiƙa sai ka ce kana ƙasar waje. Yau kwana tara ke nan babu abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Ka durƙusa ka ce "Baba ina kwana", in ce "lafiya", ka tashi. Ranar Asabar kuma za ka hau mota zuwa Jos, shagon gyaran kayan kiɗan nan da aka samo maka aiki, kuma tsorona ke nan, ka tafi da maganar da na faɗa maka a ƙofar shago tana zaune a ƙirjinka. Sau uku ina buɗe baki in kira ka, sau uku ina jin wani faɗan ne zai fito. Bakina ya fi hankalina sauri, ka san wannan tun kana rarrafe. Biro kuwa yana jira na.

Ka ga ma na rubuta sunanka a sama. Ban saba ba. Tun ranar da aka raɗa maka shi "Mai sunan Yaya" nake ce maka, don nauyin sunan yake yi mini. Yau na rubuta shi da gangan.

Ba na iya zama wuri ɗaya kwanakin nan. Jiya na auna ƙyauren wani mutumin Balan sau biyu, na yanke, ya fito da gajarta kusan yatsa uku. Shekara talatin da wani abu ina kafinta, rabon da in yi irin wannan tun ina koyo. Takardar nan ma sau huɗu ina tashi daga kanta in leƙa titi, ban san me nake nema ba. Saboda haka kada ka sa ran tsari. Labarin jitar nan da ke rataye a ɗakina zan ba ka, na gaskiyar, wanda ban taɓa ba kowa ba.

Abin da ka sani shi ne ta wana ce, Yaya Sani, wanda ka ci sunansa. Aikin babbar mota yake yi tsakanin Kano da Kudu, daga can ya zo da ita garinmu Kademi ina ɗan shekara goma sha huɗu. Kakanka ya dube ta ya ce kayan shashanci, kada ya sake ganin ta a zaurensa. Don haka a gona muke jin ta. In mun yi noma rana ta take, mu koma gindin tsamiyar da ke kan iyaka, Yaya ya jawo ta daga cikin buhu ya kaɗa. Ban taɓa jin abu mai daɗi irin wannan ba. Sautin yana fita tar, kowace tsirkiya da muryarta, kuma in ya saki hannu sai ka ji tana ci gaba da magana ita kaɗai na ɗan lokaci. Har Fulanin da ke kiwo a gefen fadama sukan tsaya su jingina da sanda. Daga baya zazzaɓi ya kwantar da shi a cikin damina, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa. Aka raba 'yan kayansa, babu wanda ya tambayi jita, ni kuma ban ce uffan ba. Na ɗauke ta na cusa tsakanin kwano da azara a ɗakin da nake kwana.

Kuskurena na farko ya fara daga nan. Bazara biyu ta yi a ƙarƙashin kwano tana gasuwa, ni kuwa ina ganin na yi dabara. Da na sauke ta, tsirkiya uku sun tsinke. A lokacin ko ka zaga Gaya da Ajingi gida gida ba za ka samu tsirkiyar jita ba, in ma ka tambaya sai a ce wace ce ita. Sai na tuna masu kuntigi wayar birkin keke suke warwarewa su ɗaura, kuma tana yi musu. Na je wurin mai gyaran keke a bakin kasuwa ya ba ni tsohuwar waya, na warware, na ɗaura. Ba ta ba ni sautin da nake so ba, sai na ƙara murɗa kunnen. Na ƙara. Na ƙara dai. A raina in ta ɗaure sosai muryar Yaya za ta dawo. Bayan sati biyu na ga fuskar jitar ta kumbura, ɗan katakon nan da tsirkiya ke hawa, wanda masu garaya ke kira jaki, ya ɗaga baki, wuyan kuma ya lanƙwashe har ana iya zura ɗan yatsa tsakaninsa da waya.

Akwai wani tsohon soja a unguwarmu da aka ce ya taɓa kaɗa jita a bariki. Da na kai masa, da kallo ɗaya zai ce mini in cire wayar nan. Ban je ba, don kada ya ce ban iya ba. To ka ji ni da kyau. Inda za ka akwai waɗanda suka riga ka riƙe kayan nan da shekara ashirin. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, da bakinka, a gaban kowa. Kunyar minti ɗaya ce. Kuma in abu ya ƙi ba ka abin da kake so, kada ka ce ƙarin ɗauri ne maganinsa. Abin da ya yi wa kuntigi daidai shi ya karya wuyan jita, kuma ni na karya shi da hannuna.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, don na farko yaro ne ya yi shi, na biyu kuwa gwani ne. Na gama koyon kafinta, na buɗe shagona a Gaya, ana yabon hannuna. In amarya ba ta hau gadon da Isiyaku ya yi ba, gani ake kamar ba a gama mata kaya ba. Kai ya kumbura. Wata rana na dubi jitar na ce, ashe ina gyara wa duniya katako, na bar na Yaya a lalace? Na sauke ta na ɗora a teburin aiki. Na danne jakin da gam ɗin da nake haɗa ƙafar kujera, na ga bai ishe ni ba, na bi shi da ƙananan ƙusoshi guda biyu. Sannan na dubi fuskarta. A ƙasan ramin da sauti ke fita akwai wani wuri da ya koɗe ya yi duhu, inda farcen Yaya da gumin hannunsa suka ci. Ido na kafinta ya ga datti. Na ɗauki samfefa na goge shi tas. Na kawo banish ɗin da nake shafa wa ƙofofi, mai kauri, na yi mata shafi uku, ina jiran kowanne ya bushe. Ta fito tana ƙyalli har kana ganin fuskarka a ciki, mutane suna wucewa suna cewa sannu da aiki.

A lokacin an fara samun tsirkiya a Kano, na sa aka kawo mini. Na ɗaura, na zauna, na kaɗa. Sani, sai na ji kamar mutum yana magana da tuwo a baki. Sautin yana fita ya faɗi nan take, babu wannan jan da take yi bayan an saki hannu. Na zauna a shagon nan har aka kira magariba ban motsa ba. Garin neman gira na rasa ido. Katakon fuskar jita siriri ne don ya yi rawa, rawar ce muryar, ni kuma na sa masa riga uku na buga masa ƙusa na ce ya yi waƙa. Abin da ya fi ci mini rai har yau ba muryar ba ce ma. Wurin hannun Yaya ne. Shi kaɗai ne sawunsa da ya rage a duniya, babu hoto, babu ɗa, kuma ni na bi shi da samfefa.

Za a riƙa kawo muku tsofaffin jitoci a shagon nan. Za ka ga tabo, ka ga koɗewa, ka ga inda taba ta ƙona, hannunka zai yi ƙaiƙayi, don jinina ne a jikinka. Ka riƙe shi. Ka tambayi mai ita tukuna, wannan wurin fa, a taɓa ko a bari? Ka gyara abin da ya hana ta magana, ka bar abin da ya nuna an yi rayuwa da ita. Kuma duk aikin da ba a iya warware shi, ka kwana a kansa kafin ka fara. Ƙusa tana fita, amma raminta ba ya fita.

Na tashi na sha ruwa na dawo. Kuskure na uku, wannan da zan rubuta yanzu, shi ne wanda ba na so.

Kana ɗan shekara biyar wani mutum ya zo daga Kano. Sana'arsa ke nan, bin garuruwa yana neman tsofaffin kayan kiɗa. Ɗanlami mai gyaran rediyo, abokina na Toranke, shi ya kawo shi, don ya gaji da jin ina cika baki. Mutumin ya karɓi jitar da hannu biyu, ya leƙa ramin, ya karanta 'yar takardar da ke manne a ciki, na ga idonsa ya buɗe. Sai ya juyo da fuskarta wajen haske, ya kai hanci ya sansana, ya shafa kan ƙusoshin nan da babban yatsa.

"Malam," in ji shi, "wa ya yi mata wannan aika-aikar?"

Na ce, "Wani kafinta ne can wajen Wudil, tun ina yaro."

"Allah ya isa tsakaninta da shi. Wallahi da an bar ta yadda take, ko da tsage ne, da yau kai da ni mun yi magana mai tsawo. Yanzu kam sai dai ado."

Na ce amin. Ka ji, na ce amin a kan kaina. Ɗanlami yana tsaye, ya san ko ni waye, ya san warin banish ɗina, amma ya dubi ƙasa bai tona ni ba.

Kafin mutumin ya tafi ya ciro wata daga motarsa, sa'ar tamu, wadda ba a taɓa ba. Duk jikinta tabo ne, ba za ka ɗauke ta a bola ba in da ido kake saye. Ya kaɗa mana. Ba zan yi maka ƙarya ba, tsohuwar da aka riƙe da kyau tana da wani abu. Muryarta ba ta da kaifi irin na sabuwa, amma tana da zurfi, tana cika wuri ba tare da ta yi ihu ba. Ya ce katako ne ya bushe a hankali, kuma shekaru na kaɗawa sun saki jikinsa. Wannan na yarda da shi, don na san bambancin maɗacin da ya shekara goma a rumfa da wanda aka yanko jiya. Saboda haka in ka ji masu cewa tsohuwa ta fi, ba duka ne mahaukata ba.

Amma dubi abin da na yi da wannan darasin. Maimakon in ce tsohuwa tana da daɗi in ba a ɓata ta ba, tawa kuwa na ɓata, sai na zama limamin tsofaffi. Duk wanda ya zauna a bencin shagona sai ya ji huɗuba. Da tsohuwar zuma ake magani. Na yanzu kwali ne, inji ke tofo su ɗari ɗari. Na da hannu ne ya yi su. Ɗanlami kuwa ya ɗauki ɗaya ɓangaren don ya ja ni, shekara ashirin muna abu ɗaya.

"Kai Isiyaku, rabu da mu," haka yake cewa. "Sabuwa wuyanta a miƙe, ba ta yanka yatsa, ka saita ta da safe har yamma tana nan. Taka kuwa kafin ka gama saita tsirkiya ta shida ta farko ta sauka."

In ce masa, "Kai da ka saba da ƙarar rediyo me ka sani game da murya?"

Ya ce, "Na san wadda ake ji da wadda ake ba da labari."

In yi dariya in kore shi. Amma duk lokacin da ya faɗi haka na san gaskiya ya faɗa. Ina ɗaga murya ne don kada a ji ta jitar. Duk yabon da nake wa tsofaffin jitoci bango nake ginawa in ɓuya a bayansa, don ranar da na yarda tawa ba ta da murya, dole a tambayi wanda ya kashe ta.

Ga shawarata a nan, kuma ita ce ta sana'arka kai tsaye. Mutum zai shigo shago ya ce wacce ta fi, tsohuwa ko sabuwa? Kada ka amsa masa da shekaru. Akwai tsohuwar da tsufa kawai ta yi, kamar yadda akwai tsohon banza a cikin mutane, ga ɗaya yana rubuto maka wasiƙa. Akwai sabuwar da aka yi da kyau, akwai ta kwalin gaske. Masu neman tsofaffi suna biyan rashin taɓawa ne da suna da ƙarancin irinta, wannan darajar kasuwa ce. Mai koyo kuwa wadda ba za ta yanka masa yatsa ba yake bukata. Wanda ya gaji ta ubansa, shi kuma ba da kunne yake jin ta ba, kada ka yi masa gardama. Darajar nan uku ce, kada ka sayar wa mutum ɗaya da sunan ɗaya. In ya matsa, ka ce ya juya baya ka kaɗa masa duka biyun. Kuma in ka yi ɓarna a kayan mutum, ka ce ni ne, tun a ranar. Ƙaryar da na yi ta kalma tara ce, na ciyar da ita shekara ashirin.

Yanzu na iso ranar. Kai kana wurin, amma ba ka san abin da ke cikin kaina ba.

Tun da ka kawo sabuwar jitarka daga Kano ban bar ka ka huta ba. Na ce 'yar kwali, na ce in ruwa ya taɓa ta sai dai a shanya. Kana murmushi ka wuce. Ranar Litinin ɗin nan bayan la'asar Ɗanlami ya zo, benci ya cika, muka tayar da tsohuwar gardama. Sai ya ce yau dai a yi ta ta ƙare. A kawo duka biyun, Isiyaku ya fuskanci bango, Mai sunan Yaya ya kaɗa abu ɗaya a kowacce, in ya isa ya nuna tasa. Na ce ko a cikin barci. Na juya na ba ku baya.

Ka kaɗa ta farko. Na ji ta dum dum, na ce a raina ga kwalin nan. Ka kaɗa ta biyu. Sani, na ji tsamiyar nan, na ji warin ƙasar da aka nome, na ga Yaya ya karkata kai gefe yadda yake yi. Ka saki hannu ta ci gaba da magana ita kaɗai. Ban ma jira ka gama ba.

"Wannan ita ce!" na ce. "Ku ji murya don Allah! Wannan ita ce ta Yaya. Ina mai gardama?"

Sai na ji benci ya fashe da dariya. Na juyo, ga sabuwa a cinyarka, ga tawa a jingine da bango tana ƙyalli. Kai ba ka yi dariya ba, wannan na shaida. Murmushi ka yi, ka ce a hankali, "Baba, ai tawa ce."

Da na yi dariya tare da su, da shi ke nan, an sha shayi an watse. Amma na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na ce kun haɗa baki ne. Na ce ka danne tawa da gangan. Ka ce, "Wallahi Baba ban danne ba." Sai na faɗi abin da na faɗa. Zan rubuta shi don kada ka ce na kauce masa. Na ce, "Wanda bai san darajar kayan mai sunansa ba, an yi asarar ragon suna." A gaban mutum takwas. Ka miƙe, ka ɗauki tawa da hannu biyu ka mayar da ita ɗaki kan ƙusarta, sannan ka dawo ka ɗauki taka ka fita. Wannan mayarwar ta fi mari zafi. Ɗanlami ya sa takalminsa ya hau babur bai yi mini sallama ba.

Magana zarar bunu ce, na sani, na sha faɗa wa wasu. Kwana uku ina cika ina batsewa a gida, ina jiran wani ya ce ina da gaskiya. Rana ta huɗu innarka tana tankaɗe a tsakar gida ta yi mini magana, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, in tambaye ka mana. Da Yayan ya kawo ta daga Kudu, tsohuwa ce?"

Na buɗe baki in ce eh, sai na rufe. Na tuna ranar da ya kwance ta. A cikin kwalinta take, da takarda mai santsi a nannaɗe, tana warin sabon katako, ko tabo ɗaya babu. Damina biyu kacal ya yi da ita. Ka gane? Muryar da na shekara arba'in ina kuka a kanta, ina cewa muryar tsohuwa ce, wadda na yanzu ba za su taɓa kamowa ba, muryar sabuwar jita ce a hannun saurayi. Ban taɓa jin tamu tana tsohuwa ba, don ban bar ta ta tsufa ba. Na gasa ta, na karya ta, na shaƙe ta. Kunnena bai yi kuskure ba ranar Litinin. Ya ji sabuwa a hannun wani Sani ya ce ga ta Yaya, kuma gaskiya ya faɗa. Mai kunnen ne ya ƙi gaskiyar.

Na fita na bar mata tsakar gidan, na yi tafiya a ƙasa har bayan gari na dawo. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ni kuwa na tuna ta har na zagi bana a gaban jama'a.

Kuskure na huɗu ke nan, kuma shawarar da ke bayansa gajeriya ce. Ranar da aka kama ka a kuskure kuma aka yi maka dariya, ka yi dariyar tare da su. In ba za ka iya ba, ka tashi ka yi alwala. Kada ka nemi wanda ya fi kowa ganin girmanka a wurin ka sauke a kansa, don shi ne ba zai rama ba, kuma shi ne zai fi daɗewa yana ji.

Sauran 'yan abubuwa, kafin in manta. Ranar tafiya ka sassauta tsirkiyoyin kafin ka sa ta a jaka. Kada ka bari a ɗaure maka ita a bayan mota tare da buhuna, ka riƙe ta a cinya ko da za a yi maka tsiya har Jos. Can akwai sanyi da laima, ba kamar nan ba, kada ka jingina ta da bango mai danshi, kada kuma ka bar ta a ƙarƙashin kwano ko a rana. Ka goge ta da busasshen ƙyalle kawai. In wurin hannunka ya fara koɗewa, ka bar shi. Ka kaɗa ta kullum, shekara ashirin, talatin, ita ce za ta zama tsohuwar da gidanmu bai taɓa samu ba. In aka kira salla ka ajiye ta, ko a tsakiyar waƙa ne. Mutane za su yi maka magana a kan kiɗa kamar yadda kakanka ya yi wa Yaya. Ni ba malami ba ne, ba zan yi maka fatawa ba. Ka tambayi masu sani, ka tsare sallarka, ka tsare abin da kake kaɗa wa da wurin da kake kaɗawa. Ka riƙa kiran innarka, ita ba ta yi maka laifin komai ba.

Ta Yaya kuwa tana nan a ƙusarta. Dā niyyata in ɗora maka ita ranar tafiya in ce ga gado. Na fasa. Ba gado ba ce, laifina ce, ni zan ci gaba da kallon ta.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ka san ban iya roƙo ba. Na aika wa Ɗanlami a Toranke, na ce ya zo ranar Juma'a bayan la'asar, ya kuma taya ni kiran duk wanda ke kan bencin nan ranar Litinin. Zan gaya musu waye kafintan Wudil. A gabansu na yi maganar, a gabansu zan janye ta, don ba a zagi a kasuwa a ba da haƙuri a ɗaka. Ka zo da jitarka. Ka zauna ta hagu, kunnen daman nan injin katako ya cinye rabinsa. Ka kaɗa mini abin da ka kaɗa ranar, wannan karon ina kallon ka. In kuma ba ka zo ba, ba zan riƙe ka ba, zan dai faɗi abin da zan faɗa ko da benci ne kaɗai ke ji.

Ragon nan kuwa, ni na je Kademi na zaɓo shi, na jawo shi da igiya a ƙasa har gida don ban yarda a ɗaure shi a mota ba. Ni na riƙe ƙafafunsa aka yanka. Da liman ya faɗi sunan, na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Yaya. Ba a yi asararsa ba, Sani. Ko tsoka ɗaya ba a yi asara ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya saukar da kai a hannun mutanen kirki. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa albarka a hannunka da kunnenka, ya ba ka bakin da ya fi na ubanka sanyi. Allah ya jiƙan mai sunanka. Ka yafe mini.

Mahaifinka,
Isiyaku kafinta.